Fetur ko gas ɗin CNG: wanne ya fi wa direban haya?

Ɗan'uwa da ka tambaya ko ka mayar da motarka ta haya kan gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsawa cikin tukunya, ko ka ci gaba da haƙuri da fetur, ga yadda nake ganin lamarin.

Idan kuɗin zubawa ake magana, babu ma haɗi. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba a gidajen man NNPC. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a Kano da Abuja, zuwa Oktoban 2024 kuma ta zarce dubu a Abuja. Tun da matatar Dangote ta fara sayar da fetur a Satumban 2024 farashin ke hawa da sauka, amma bai ko leƙa inda ya baro ba. A shekarar 2024 ana sayar da CNG wajen naira 230 kowane kubik mita, wanda tafiyarsa ta yi kusa da ta lita guda. An ƙara masa kuɗi daga baya, duk da haka yana ƙasa da fetur nesa ba kusa ba. Direban da rabin cinikinsa ke ƙarewa a bakin famfo, ga balas na jiransa da yamma, ya san abin da wannan tazara ke nufi.

Sai dai fetur ba ya neman ka kashe komai kafin ka fara. Gas kuwa sai ka sayi tukunya da kayan haɗi ka biya aiki, abin da kan iya haura miliyan a ƙaramar mota. Gwamnati ta yi shelar juya wa motocin haya kyauta ta hannun ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW, don haka fara tambaya a tasharku kafin ka ci bashi. In kuma motar ba taka ba ce, ku daidaita da mai ita tun farko: wa zai biya, wa zai ci rarar.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin sha. Fetur ko a ƙauye ya ƙare maka, za ka samu ɗan bumburutu da galan a gindin bishiya. Gas ba ya shiga jarka. Gidajen sayar da shi sun fi yawa a Abuja da kudu, a Arewa kuwa 'yan ƙalilan ne, kuma galibi da manyan motoci ake kawo musu shi. Wannan ne ya sa ake ta zuba ido kan bututun AKK mai kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020. In ka ɓata safiya a layi, abokan aikinka sun yi sawu biyu, to arahar ta tafi a nan. Ga shi tukunyar kan cinye but, mai doguwar tafiya kuma a kuɗin kaya yake samun na cefane. Motar ma takan ɗan rage ƙarfi a hawa in ta sha lodi.

Maganar fashewa da mutane ke tsoro: CNG ba gas ɗin girki ba ne, matsinsa ya kai "bar" 200 a ma'aunin matsi, tukunyarsa ta musamman ce. Motar da ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoban 2024, tukunyar da aka yi wa walda a gareji aka ɗaura mata. Kada ka yarda bakaniken unguwa ya ce zai haɗa maka da sauƙi. Je cibiyar da aka amince da ita.

Idan cikin gari kake aiki, kuma akwai gidan gas a kan hanyarka, juya ta, tunda tankin fetur na nan, maɓalli kawai za ka danna in gas ya ƙare. Idan kuwa lodin Kano zuwa Nguru ko Hadeja kake yi, ni dai da na dakata tukuna.