Makarantar Unguwa Ko Makarantar Cata A Amurka?

Duka biyun kyauta ne, domin kuɗin haraji ke ɗaukar nauyinsu. Makarantar gwamnati ta unguwa dole ta karɓi yaron da ke zaune a yankinta. Ita kuwa ta cata (charter school, wato makaranta mai cin gashin kanta), wadda aka fara yi wa doka a jihar Minesota a 1991, hukumar kanta ke gudanar da ita bisa yarjejeniya, kuma idan masu nema sun fi kujeru yawa sai a yi ƙuri'a.

Inda iyaye ke tuntuɓe shi ne sufuri: makarantun cata da yawa ba su da bas. Ranar karatu a cikinsu kan fi tsawo. Kuma in aka soke yarjejeniyar, makarantar rufewa za ta yi. Kada ku cire yaro daga makarantar unguwa sai an tabbatar masa da gurbi a ta cata a rubuce.