Salon kung fu da ya dace da sabon shiga

Wanda ya manyanta bai taɓa horo ba, kuma yana son fara kung fu, ni Wing Chun zan nuna masa. Salo ne na kudancin ƙasar Sin da ya yi ƙarfi a garin Foshan, kuma wani malami mai suna Ip Man ne ya yaɗa shi bayan ya koma Hong Kong a 1949. Cikin ɗalibansa har da Bruce Lee. Jerin motsinsa na hannu zalla uku ne kacal: Siu Nim Tau, Chum Kiu da Biu Ji. Na farkon a tsaye wuri ɗaya ake yin sa, ko a ƙuryar ɗaki mutum zai iya maimaita shi kullum. Babu alkafura, shurin ma galibi ba ya wuce ƙugu. Abin da ya fi kwanta mini shi ne chi sao, inda mutum biyu ke haɗa hannuwa suna jin motsin juna, wanda ya bar ƙirjinsa a buɗe ya sha duka nan take. Sai an yi nisa ake zuwa ga gungumen katakon atisaye mai hannu uku da ƙafa ɗaya.

Cikin sauran salo, Shaolin, na sufayen addinin Buddha a haikalin Shaolin, yana da kyau a ido, amma jikin yaro yake so. Tai chi, salon da ake motsi a hankali, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2020, alheri ne ga lafiya, sai dai mai neman kare kansa zai daɗe yana jira. Hung Gar kuwa tsayuwar dokinsa, wato a buɗe ƙafafu a lanƙwasa gwiwa kamar mai hawan doki, kan kori mutane tun ba a je ko'ina ba.

Amma kafin salo, a duba malami, don 'yan damfara sun yi yawa a harkar. Askin kwalkwal da tufafi ruwan lemo ba su mai da mutum ɗan Shaolin. Ɗamara mai launi-launi ma daga judo na Japan aka aro ta, kung fu na asali bai san ta ba. Na zauna da wani malami da duk bayan 'yan watanni sai ya karɓi kuɗin sabuwar ɗamara, amma bai taɓa gyara mini gwiwa a tsayuwa ba, har yau tana damuna in na durƙusa. Masu cewa suna kayar da mutum ba tare da sun taɓa shi ba, ku guje su. A 2017 a Chengdu, Xu Xiaodong, ɗan wasan faɗan da ke haɗa dambe da kokawa, ya kai Wei Lei, mai kiran kansa gwanin tai chi, ƙasa cikin ƙasa da rabin minti.

Ka tambayi malamin wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan. Ka zauna ka kalli darasi guda kafin ka fitar da ko sisi, kuma kada ka biya kuɗin shekara a dunƙule. Idan manyan ɗalibansa ba sa sa safar dambe da robar haƙori su gwabza da gaske, ko da Wing Chun ɗin ne, gara ka nemi inda ake koyar da Sanda, mai naushi da shuri da kayarwa.