Sharhina kan malamar da ke jinyar damuwar yara da zane da yumɓu

Masu tambayata ko malamar nan da ke zuwa garinmu ranar kasuwa ta cancanci kuɗinta, ga abin da na gani, da daɗinsa da haushinsa.

Yarona bai koma daidai ba tun ambaliyar 2022, wadda ta cinye ƙauyuka a yankin Ringim da Auyo da Kafin Hausa. A daren ne bangon ɗaki ya faɗo wa kakarsa, Allah Ya jiƙanta. Daga nan ya daina magana sai da kai, in hadari ya haɗo ya shige ƙarƙashin gado, fitsarin kwance ya dawo wa yaron da ya kai aji huɗu. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Wani ya ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wani ya ce na Kazaure, uwarsa ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, ba inda za shi.

Ranar farko raina ya ɓaci. Na biya kuɗin gani, kun dai san ba ƙanana ba ne ga mai albashin firamare, ina jiran a rubuta magani. Sai ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kwali da gawayi da alli mai launi da curin yumɓu. Na ce, Malama, wannan ai kyauta yake yin sa a bakin kududdufi. Ta ce, Malam, ni ba likita ba ce, ba na rubuta ƙwaya, in na ga abin na ƙwaya ne da kaina zan tura ku asibiti. Ta ce zane-zane ta fara karantawa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta koyar a sakandare, sannan ta je Jami'ar Bayero ta karanci halayyar ɗan Adam da ba da shawara. Hanyar ma ba ita ta ƙirƙiro ba. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa mata suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka ya ga yadda zane ke rage wa masu kwanciyar asibiti ƙunci. Abin da bakin yaro ya kasa faɗa, in ji ta, hannunsa na iya fitarwa. Na tambaye ta hukuncin zana abu mai rai. Ta ce ba ta tilasta wa kowa, ya zana gida ko bishiya ko dagi. Ruƙiyya kuma ku ci gaba da abinku, ba ta hana ba. Wannan amsar ce ta zaunar da ni.

An daɗe ba abin a zo a gani, yaro na murza yumɓu yana rushewa, ita kuma tana gefe tana nata, ba ta ce masa ya yi kyau ko bai yi ba. Sai wata rana ya gina ɗaki, ya yi masa rufi, bai yi ƙofa ba. Ya ɗauki tsakuwa ya huda bango ya tura ta ciki, ya toshe. Ya ajiye wata tsakuwar can nesa a bakin tabarma. Ni da na zaci za ta fara fassara kamar mai duba, sai kawai ta nuna ta nesan ta ce, wannan fa, me yake yi a can? Ya yi shiru har na fara gyara zama. Sai na ji muryar ɗana, ya ce, an aike shi ya taso Kaka, ya tsaya kwance akuya.

Wallahi ban san an aike shi ba. Uwarsa ma ta manta, dare ne, ruwa har gwiwa, kowa na ihu. Ashe duk tsawon lokacin nan yaron yana ganin shi ya kashe kakarsa, mu kuma muna ta turara shi muna neman aljani. Malamar ba ta yi saurin cewa ba laifinka ba ne. Ta tambaye shi tsayinsa a lokacin, da inda ruwan ya kai masa, da ko zai iya ɗaga tsohuwa shi kaɗai. Shi da kansa ya girgiza kai. Sannan ta juyo ta ce, Malam, sauran naka ne, daga bakinka yake son ji. A kan babur muna komawa na faɗa masa, yana riƙe da rigata yana kuka. Daminar da ta biyo baya a kan gado ya kwana. Fitsarin bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya ragu sosai, ya koma makarantar allo.

To amma kar ku ga na yabe ta ku ɗauka komai lafiya. Ba ta kiyaye lokaci ko kaɗan. Ta ce hantsi, sai azahar ta gota. Akwai ranar da na bar aji, na sha man babur, muka zauna a rana har la'asar, ba ta zo ba kuma ba ta kira ba, wayarta a kashe. Da muka haɗu sai ta ce mota ce ta lalace, ko haƙuri na kirki babu. Ga shi in ta keɓe da yaron ba ta gaya mini duk abin da suka yi, wai sirrinsa ne. Sirrin ɗan da na haifa, da kuɗina! Ta yi mini bayani na kuma gane, amma har yanzu abin na ci mini rai. In magana ta yi nisa kuma sai ta zarce da Turanci, uwar yaron ta yi ta kallona. Kwali ma daga baya mu muke saya.

Abin takaicin shi ne ba ka da zaɓi. An ce Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma a ƙananan asibitocinmu na karkara ba ka samun wanda zai zauna da yaro ya saurare shi. Saboda haka in ɗanka ya shiga irin halin nawa, kai shi, aikinta na gaske ne. Sai dai ka kira ta kafin ka tayar da babur, kuma kar ka biya kuɗin zama da yawa a dunƙule. Ni har yau ina bin ta zaman ranar da motar ta lalace.