Filin fakin a Amurka, da abin da masu filaza a gida suke sakaci da shi

Wani ƙaramin kantin kayan abinci a unguwarmu nan Amurka ya rufe rabin filin ajiye motocinsa kwana biyu cur, wai za a yi wa kwalta shafi a sake zana layi. A idon mutumin gida filin lafiyarsa lau, ko rami ɗaya babu. Asarar cinikin kwana biyu a kan fenti!

Su a lissafinsu, tsagar da ta kai kaurin fensir ita ce farkon rami. Ruwa ya shiga, sanyin hunturu ya daskarar da shi, ya kumbura ya buɗe tsagar, ƙasan ya jiƙe, mota ta taka, kwalta ta burma. Shi ya sa ake hure tsaga da iska mai ƙarfi a ɗura mata narkakkiyar roba, bayan 'yan shekaru kuma a bi filin duka da baƙin shafi. Ba a shafawa sai zafin gari ya haura digiri 10 a ma'aunin Celsius kuma babu hadari, sannan a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya bushe.

Mu a gida ba mu da sanyin da ke daskarar da ruwa, amma ruwan Agusta ya ishe mu, kuma ɓarnar iri ɗaya ce. A nan Amurka tun wajen shimfiɗa ake ba filin gangara, kowace ƙafa 100 ya sauka ƙafa ɗaya zuwa biyu, ya nufi kwata. A ƙarƙashi tsakuwa ce inci 6 zuwa 8 da aka daɓe da rola, kwalta kamar inci 3 a sama. Namu kuwa sai a watsa yashi a kan shara, a jera intalok, damina ɗaya ya lotsa, Hajiya ta buɗe ƙofar mota ta zura ƙafa cikin kududdufi. Ba za ta yi faɗa da kowa ba, gobe dai wani kantin za ta.

Layin shi ne ya fi burge ni, don shi ke ƙara wuri ba tare da an sayi fuloti ba. Kowace mota faɗin ƙafa 9, tsawon 18, hanyar tsakiya ƙafa 24 don mai shiga da mai fita su wuce juna. Ke nan fili mai faɗin ƙafa 60 da tsawon 100 zai ci mota 22, kowa ya fita ba sai an shiga shago-shago ana cigiyar mai baƙar Corolla ba. Idan wurin ya matse, a karkata layukan, a mai da hanyar ta shiga ɗaya fita ɗaya, a zana kibiya a ƙasa.

Wuraren da ke bakin ƙofa na naƙasassu ne. Dokar da aka kafa a 1990 ce ta jawo haka: a ƙaramin fili, cikin kowane wuri 25 a ware ɗaya, da sararin ƙafa 5 a gefe don sauke keken guragu. Mai lafiya ya ajiye a nan, tara ce. Ma'aikatan kanti kuma can ƙurya ake tura su.

A gida fa? Alhaji ya gina shaguna har bakin kwata, ɗan sararin da ya rage ya ba mai POS haya, janareta ya cinye sauran, masu shagunan su jera motocinsu a gaba tun safe, su zauna suna kukan babu ciniki. Mai saye ya zagaya sau biyu ya wuce. Da magariba wurin duhu dunɗum, alhali fitilun sola huɗu a kan dogayen turaku sun wadatar.

Gaskiya filin nan na Amurka shiru yake kamar maƙabarta. Babu yaron da zai daki bayan mota yana "taho, taho, yanke, ya isa!", babu mai rake, babu inuwar darbejiya. Inuwar nan ma ita ce abin da za mu iya fin su da shi, don a zafin Afrilu direba zai yarda ya ƙara tafiyar ƙafa in dai motarsa na ƙarƙashin itace. Sai dai a dasa shi a cikin keɓaɓɓen wuri da aka zagaye da kankare, nesa kaɗan da shimfiɗa, in ba haka ba saiwa za ta ɗaga intalok ɗin.