Kwanon manifol ya fara kwaramniya: a cire, a gyara, ko a sayi wani?

Ƙarar sananniya ce. Ka tayar da mota da safe, ko kana tsaye a danja, sai ka ji kacau-kacau daga cikin bonet kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Ka taka totur ta ɓace, ka saki ta dawo. A gareji da yawa a Kano amsar ɗaya ce: "Alhaji, kwanon nan ne, a cire shi kawai, ba ya aikin komai." Ƙarar kam za ta tsaya. Sai dai cikin hanyoyin da ke gabanka, cirewa ita ce mafi arha yau, kuma ita ce ta fi jawo kashe kuɗi daga baya.

Manifol shi ne ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga silinda ya miƙa wa salansa. Idan inji na aiki sosai zafinsa kan haura digiri 600, har yakan yi ja. Robar da ke jikin wayoyin mota ba ta jure abin da ya wuce digiri ɗari da 'yan kai, tiyon ruwa ya ɗan fi ta kaɗan. Kwanon, wato siririn ƙarfen da aka ɗaura a kan manifol kamar murfi, yana tare zafin da ke tasowa daga manifol ya hana shi dukan waɗannan kaya, kuma ratar iska da ke tsakaninsa da manifol ita ce rabin aikin. A kan titin Zariya, mota na gudu, iska na kwashe zafi. Matsalar tana cikin cunkoson Kantin Kwari ko Bata a watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, AC a kunne, mota ba ta motsi. Nan ne wanda ya cire kwano yake dafa kayan injinsa a hankali.

Abin da zai lalace ya danganta da inda manifol yake. A Camry mai silinda huɗu da injin 2.4, yana gaba ne, yana fuskantar lagireto da fankarsa ta roba, ga altaneta a kusa. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Accord mai silinda huɗu ta 2003 zuwa 2007 yana baya, wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, inda wayoyi da bututun burki suke bi. Ba a rana ɗaya abin ke nunawa ba. Waya takan bushe ta tsattsage, soket ɗin sensa ya ruɓe a hannu, tiyo ya ƙandare, sai bayan wata shida ka fara yawon neman mai wayarin ba ka san daga ina aka faro ba. Mafi muni shi ne gasket ɗin murfin inji mai yoyo, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin motoci: baƙin mai ya ɗiga kai tsaye kan manifol tsirara, hayaƙi ya tashi, wani lokaci wuta.

Kafin ka sayi komai, tabbatar kwanon ne. Bari inji ya huce sarai, ka ƙwanƙwasa shi da hannu ko bayan sukudireba. Akwai wasu kwanoni a ƙarƙashin mota, saman salansa, su ma suna wannan ƙara. Idan kuma ƙarar daga cikin tukunyar katalis mai tace hayaƙi take, wadda makanikai ke kira indomi, to cikinta ne ya farfashe, kwano ba shi da laifi.

Sau da yawa ba sayen kwano ake bukata ba, washa ce. Motocin Beljiyam da na Amurka sun taso daga inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, don haka tsatsa kan cinye gefen ramin da kusar ke shiga, ramin ya faɗaɗa, kwano ya zame daga kan kusar. A samo washa mai faɗi, kamar milimita 25 zuwa 30, wadda za ta rufe ramin duka, a ɗaure da kusar M6, wato mai kaurin milimita 6, da ake kwancewa da sifana 10. Wurin kula shi ne kwancewa. Kusoshin nan ƙanana ne kuma sun sha wuta shekara da shekaru. A fesa musu man sassauta tsatsa irin WD-40, a bar shi ya jiƙa akalla minti 20, a riƙa juyawa kaɗan gaba kaɗan baya. Yaron shago mai gaggawa ya sa ƙarfi, kusa ta karye a cikin manifol, aikin minti goma ya koma na haƙa da dirila ko walda noti a kan guntun. Wajen ɗaurewa ma kada a matse kamar notin taya. Kusan Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya isa.

Idan kwanon ya tsage gida biyu ko an riga an jefar da shi, na Beljiyam a Ƙofar Ruwa shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin mutane, domin shi ne ainihin wanda kamfani ya ƙera wa injin. Tafi da tsohon, ko hoton manifol ɗinka, kuma ka faɗi lambar inji ba sunan mota kaɗai ba, saboda Camry ɗaya tana zuwa da silinda huɗu ko shida. Ɗaga shi sama ka duba ramukan kusa da idonka. Girgiza shi: da yawa falle biyu ne aka haɗa, idan sun rabu zai yi kwaramniya ko da an ɗaure shi tamau. Duba ko ramin da sensa ke fitowa yana daidai da naka. Ka roƙi mai shago ya haɗa maka da kusoshinsa. Sabo fil na kamfani ya fi, amma sai an yi oda a jira, kuma a kan motar da ta haura shekara 15 da wuya kuɗin ya biya.

Wasu sukan kai wa mai walda ko fanal bita ya yanko musu. Yana yiwuwa, in an yi da ƙarfen da ba ya tsatsa mai kaurin rabin milimita zuwa ɗaya, aka bar ratar yatsa guda tsakaninsa da manifol. Kwanon rufin ɗaki bai dace ba: sinadarin zink da ke jikinsa yana narkewa wajen digiri 420, ya yi hayaƙi mai cutarwa, abin da ya rage ya yi tsatsa. Alminiyam kuma yana narkewa a digiri 660, don haka in ya taɓa manifol an gama. Kuma kada a yarda a yi waldar kwano a jikin manifol. Ranar canza gasket za a gane kuskuren.

Sai ƙyallen naɗe salansa da ake tallatawa a intanet, mai faɗin santimita 5. Yana rage zafin cikin bonet da gaske, kuma yana da kyan gani. An yi shi ne don bututun motocin tsere da ake dubawa kullum. A motar gida yana tsare zafi a cikin ƙarfe, ya riƙe laima da damina idan an shiga ruwan da ke kwanciya a tituna, bututu ya tsage ko ya ruɓe a ɓoye. Yana kuma shan baƙin mai, ƙyallen da ya jiƙe da mai a kan ƙarfe mai zafi kuwa haɗari ne. Ga manifol mai haɗe da katalis ma ba ya naɗuwa yadda ya kamata. Fentin gwangwani mai jure zafi yana hana tsatsa ne kawai, ba ya maye gurbin kwano.

Idan dole ta sa ka yi kwanaki babu kwano kafin a samo wani, a fara toshe duk wani yoyon mai a saman inji, a janye wayoyi da tiyo nesa da manifol a ɗaure su, a kuma guji barin mota a kunne tana tsaye da AC na dogon lokaci.