Wane takalmi za ka saya idan za ka yi sassarfa a kan duwatsun aman wuta na bakin teku?

Mu da muka saba gudun safe a kwaltar Garwa ko yashin Marwa, kowane kambas yana fitar da mu. Idan tafiya ta kai mutum kudu, wajen Limbe, ƙasar daban ce. Gaɓar tekun baƙin yashi ne da baƙin dutse, duk daga aman Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000, wanda a 1999 narkakken dutsensa ya gangaro har ya tare hanyar mota kusa da ƙauyen Bakingili. Haka ƙasar take a tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini, wanda ake hangowa daga Limbe idan gari ya washe, musamman kudancinsa, wajen Ureka da gandun Gran Caldera de Luba inda kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai. Dutsen nan busasshensa yana cin takalmi kamar magagari, jiƙaƙƙensa kuwa ga santsin gansakuka. Ko gudun kilomita biyar za ka yi, a ƙasan takalmi maganar take.

Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ka bar shi gida, ba ya kama dutse. Kambas ɗin kwalta mai sumul ɗin ƙasa yana da daɗin taku, amma taku ɗaya a jiƙaƙƙen dutse ka zauna. Mai Gore-Tex kuma, wanda ake yaba shi da hana ruwa shiga, asarar kuɗi ne a yankin da ƙauyen Debundscha ke samun ruwan sama wajen milimita 10,000 a shekara: ruwa ta sama zai shiga, ya kuma rasa hanyar fita.

Takalmin roba na kasuwa ba na raina shi. A tseren hawan Dutsen Kamaru da ake yi a Buea tun 1973, an sha ganin 'yan gari suna hawa da saukowa da shi. Sai dai su ƙafarsu ta saba. Kai baƙo, yashi zai shiga tsakanin roba da fata, kafin ka juyo bororo ya tashi.

Ni zaɓina shi ne takalmin gudun daji na asali, na gwanjo, wanda bai sha wuya ba. Salomon Speedcross ya fi yawa a bakin mutane, haƙoran ƙasansa dogaye ne, a laka da yashi ba shi da na biyu. Amma a kan tsuran dutse na fi son mai gajerun haƙora masu faɗi, kamar milimita 3 zuwa 4, domin robar da ke taɓa dutsen ta fi yawa. Ka juya takalmin ka duba: idan ka ga tambarin Vibram, masu yin robar ƙasan takalmi, ruwan ɗorawa mai kusurwa takwas, ko sunan Continental a ƙasan Adidas Terrex, ka tsaya ka yi ciniki. Ka danna robar da farce. Wadda ta ɗan nutse ita ce mai kama jiƙaƙƙen dutse, mai tauri kuwa zamewa take. Gaban takalmin ya kasance da roba mai kare yatsu, samansa kuma saƙa ce mai fitar da ruwa amma mai ƙananan idanu, kada tsakuwa ta cika shi. Ka gwada shi da yamma, da safa a ƙafa, ka bar sararin babban yatsa a gaba, don a gangare ƙafa gaba take tafiya.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Gwanjon ma ba duka ne gwanjo ba. Wasu sabon jabu suke saya, su goga shi a ƙasa, su cusa shi cikin dila, su ce maka "Alhaji, yau aka kwance ta." Ka ɗaga harshen takalmin ka karanta lambar girma da ta samfurin da ke ciki, na dama da na hagu dole su zo ɗaya. Ka ciro shimfiɗar ciki ka ga ɗinkin da ke ƙarƙashinta. Ka sansana shi: warin sabon gam a tsohon takalmi yana nufin an liƙa ƙasan jiya. Wannan ya taɓa cina, wani mai tebur ya sayar mini da wanda aka liƙa, a kan duwatsun Bakingili ƙasan ya buɗe baki, na dawo da ƙafa ɗaya ɗaure da igiya. Tun daga nan nake lanƙwasa kowane takalmi a gaban mai shi, in ja gefen ƙasan da yatsa. Idan ya ce kada ka lanƙwasa, ka ajiye masa kayansa.

Akwai kuma na asali wanda shekaru suka kashe. Yana nan fes, haƙora ba su taɓa ƙasa ba, amma soson tsakiyar ya bushe a ajiya, zafinmu na Maris da Afrilu ya ƙarasa gam ɗin. Ka matsa soson: idan ya tsage, ko ya yi gari, ko ya ƙi dawowa, ya mutu. Kada ka saya da dare a hasken fitila, fenti da man gogewa suna ɓoye komai. Tambarin Vibram ɗin ma ana kwaikwayonsa, na jabu gefensa ba ya fita tsaf, wani lokacin ma manna shi aka yi. Masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa ka tura kuɗi kafin kaya su zo daga Duwala, hoton shagon Turai suke sa maka.

Idan ka samu mai kyau, kai wa mai ɗinkin takalmi ya zagaye gaban da zare kafin tafiya. In ta Ngaundare za ka bi don hawa jirgin ƙasa, ka gwada shi a gangaren Tafkin Tison, wanda shi ma tsohon bakin aman wuta ne. Duk lokacin da ya sha ruwan gishiri, ka ɗauraye shi da ruwan famfo, ka shanya a inuwa.