Tazarar ƙusa a daɓen katako: a duba ana aiki, ko a bi da maganaɗisu?

Ƙusar daɓen katako ɓoye take. A karkace ake buga ta ta harshen katakon, wato ɗan tudun gefensa da ke shiga ramin katako na gaba, sai na gaban ya zo ya rufe. Shi ya sa hanyoyin duba tazararta biyu ne.

Ta farko, ka tsaya kan aikin da tef ɗin awo a hannu kafin a rufe layin. Katako mai kaurin inci 3/4, in faɗinsa bai kai inci 3 ba, ana so ƙusa ta faɗa duk inci 8 zuwa 10. In ya kai ko ya wuce, 6 zuwa 8. Kowane baki kuma ya samu tasa, inci 1 zuwa 3 daga ƙarshe. Nan za ka ga har harshen da ya tsage. Sai dai fa tana cin lokaci, kuma ba kowane kafinta ke son a tsaya masa a ka ba.

Ta biyu ta bayan an gama ce, galibi sai daɓe ya fara ƙara in an taka. Ka ja ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi a kan mahaɗar katakai, duk inda ya cije ka ɗiga alli, sannan ka auna. Ba a ɓalle komai. Amma wuri kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko ƙusar ta kama da kyau. A naɗe shi da ƙyalle, kada ya karce fenti.

Ni dai ta farkon nake zaɓa. A lokacin, gyaran bai wuce buga ƙusa ɗaya ba.